Kwana uku a Inverness da Baba da Mama: ta ina za mu fara?

'Yar_Fagge: Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Shawara nake nema. In Allah Ya yarda a watan Yuli za a yaye mu a nan Aberdeen, kuma Baba da Mama za su zo daga Kano. Bayan biki muna da kwana uku kafin su wuce Landan, shi ne na ce ko in kai su Inverness da ke arewacin Sikotland su ga ƙasar duwatsu. Damuwata ita ce kowa da abin da yake so. Baba tun da ya yi ritaya ba shi da magana sai golf, ya ce ba zai taka ƙasar da wasan ya samo asali ya koma bai buga ko rami ɗaya ba. Mama kuwa tsaraba ce a gabanta, tana da jerin mutane ya fi ashirin. Ni kuma tafkin Loch Ness nake son gani. Kwana uku zai ishe mu? Ko in haƙura mu tafi Edinburgh?

BabanIman: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Ya sa a amfana da karatun. Kwana uku ya isa, garin ba shi da girma, da ƙafa za ki zagaye tsakiyarsa kafin azahar. Abubuwan kallon yawanci a kewayensa suke. Jirgin ƙasa daga Aberdeen awa biyu ne da 'yan mintuna, kuma tashar a cikin gari take.

Bakatsine92: Ni dai a ganina Edinburgh ta fi. Na je Loch Ness bara, ruwa ne baƙi wuluk da iska mai sanyi, shi ke nan. Ka biya kuɗin jirgin ruwa ka zauna kana jiran dodon da ake cewa yana cikin ruwan, alhali babu shi. Kada ki wahalar da tsofaffi.

Nas_Ta_Arewa: Haba Bakatsine, ba ka yi wa wurin adalci ba. Shekarata huɗu ina aiki a Inverness, kuma duk baƙon da na kai tafkin nan sai ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallo. Tsawonsa kusan kilomita 37, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan da ke cikinsa ya fi na duk tafkunan Ingila da Wales in aka haɗa su. Baƙin ruwan da ka gani daga ƙasar duwatsun yake, ruɓaɓɓen ganye da ciyawa na dubban shekaru ne ruwan sama yake wankowa ciki. 'Yar'uwa, ki kai su da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Ku hau jirgin ruwa daga Dochgarroch, ku sauka a kangon fadar Urquhart. Daga saman hasumiyar za ku ga tafkin ya miƙe dama da hagu har inda ido ya tsaya. Sojojin gwamnati ne suka fasa ƙofar fadar da albarushi a 1692 da za su bar ta, don kada abokan gaba su samu mafaka, kuma har yau manyan ɓaraguzan suna nan kwance inda suka faɗi. Abu ɗaya kawai, daga wurin ajiye motoci zuwa kangon gangare ne, dawowa kuma hawa ne. In Mama tana fama da gwiwa ku yi a hankali.

'Yar_Fagge: Na gode Anti. Mama gwiwarta lafiya lau alhamdu lillahi, Baba ne ma nake ji. To shi dodon fa, da gaske babu komai?

Malam_Na_Dundee: Labarin dodon tsoho ne, tun cikin tarihin wani waliyyinsu mai suna Columba aka ambaci wata dabba a kogin Ness. Amma a 1933 ne jaridu suka ɗauki maganar, bayan an gyara hanyar mota ta bakin tafkin mutane suka fara wucewa da yawa. Hoton nan da kowa ya sani na dogon wuya a saman ruwa, na 1934, a 1994 aka fallasa cewa jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai. A 2018 kuma masu bincike daga New Zealand suka ɗebi ruwan tafkin wuri-wuri suka auna ƙwayoyin halittar da ke ciki. Ba su ga alamar wata ƙatuwar dabba mai jan ciki ba, abin da suka samu da yawa shi ne wani kifi mai kama da maciji. Kusan duk inda ruwa ya yi zurfi sai an ba shi labari, mu ma a gida ai ba mu rasa zancen 'yan ruwa ba.

Mai_Sanda18: Ku bar maganar dodo ku zo ga ta Alhaji, don ita ce mai buƙatar shiri tun yanzu. 'Yata, tambaya uku. A wane fili yake bugawa a gida? Yana iya zagaye ramuka 18 a ƙafa? Nawa kuka ware?

'Yar_Fagge: Kawu, a nan Kano yake bugawa, wani lokaci Kaduna in ya je wurin abokansa. A ƙafa yake yi, amma yana hutawa. Kuɗi kuwa ni ce zan biya, kyauta nake son yi masa, don haka ba mai yawa ba ne.

Mai_Sanda18: Madalla, Allah Ya yi miki albarka. To saurara. Manyan filayen yankin uku ne. Akwai Castle Stuart kusa da filin jirgin sama, wanda yanzu ake kira Cabot Highlands. Sabo ne, a 2009 aka buɗe shi, amma sau huɗu ana gasar Scottish Open a can, Phil Mickelson ya ci ta 2013 a wurin, mako guda bayan nan ya je ya ɗauki babbar gasar Birtaniya. Akwai Nairn, tun 1887, a bakin teku, jirginku ma zai tsaya a garin kafin ku isa Inverness. Sai uban tafiyar, Royal Dornoch, tafiyar kamar awa guda a mota zuwa arewa. An samu rubutun da ya nuna ana buga golf a Dornoch tun 1616. A garin aka haifi Donald Ross, wanda ya je Amurka ya zana filaye masu ɗimbin yawa, kuma abin da ya gani a gida tun yana yaro shi ya kai can: wurin ramin a tudu kamar an kife faranti, in ƙwallonka bai sauka daidai ba sai ya gangaro ya dawo maka. Na buga a can sau ɗaya, har yau in na rufe ido ina ganin rami na biyu. Sai dai a damina ta nan, wato Yuni zuwa Agusta, kowanne daga cikin ukun ɗaruruwan fam ne mutum ɗaya, kuma watanni kafin lokaci ake kama wuri. In Dornoch kike so, yau za ki rubuta musu, ba gobe ba.

Hajiya_Glasgow: Ɗaruruwan fam don a bi ƙwallo a cikin iska? Wannan kuɗin ai tsarabar mutum ashirin ɗin nan ne gaba ɗaya har da canji.

Mai_Sanda18: Hajiya, wanda ba ya wasan ba zai gane ba. Mutum ya shekara yana bugawa a filin da wajen ramin yashi ne aka daddale, rani ya zo ciyawa ta ƙone, sai ga shi a kan ciyawar da take kamar darduma, teku a gefensa. Sau ɗaya ne a rayuwa.

Nas_Ta_Arewa: Bari in raba gardama. Akwai filin Fortrose da Rosemarkie a Black Isle, in an haye gadar Kessock bai fi minti talatin ba. Kuɗinsa bai kama ƙafar na waɗancan ba, gajere ne kuma shimfiɗaɗɗe, dattijo zai gama shi ba tare da ya galabaita ba. Abin da ya sa nake son sa shi ne, filin a kan wani siririn tsiri yake da ya kutsa cikin teku, hanyar mota ta ratsa tsakiyarsa ta ƙare a Chanonry Point inda hasumiyar fitila take. A nan ne manyan dabbobin ruwan nan masu tsalle, dolfin, suke zuwa farautar kifi dab da gaɓa. Baba yana wasansa, ke da Mama kuna bakin ruwa kuna kallo. Ki duba jadawalin ruwa, lokacin da ya fi shi ne kamar awa guda bayan ruwa ya gama janyewa ya fara dawowa. Ranar da na fara ganinsu, wata ce ta taso da ɗanta a gefenta, kusa har ina jin fitar numfashinsu, fuuu, kamar an buɗe tukunyar tururi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙe min hannu ba ta ma san ta yi ba. Wurin ajiye mota ƙarami ne, ku je da wuri.

Ɗan_Damagaram: Ina karanta ku daga Faransa, ban taɓa zuwa ba amma kun sa min sha'awa. Da gaske ne Sikotland ce ta ƙirƙiro golf?

Malam_Na_Dundee: Akwai wasannin sanda da ƙwallo a wasu ƙasashe tun da, amma golf kamar yadda ake yinsa yau a nan ya girma. A 1457 ma Sarki James na Biyu ya hana shi, saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma wasa. Ramuka 18 kuwa daga St Andrews aka ɗauko, a 1764. Amma ni abin da ya dame ni, an yi ta magana ba wanda ya ambaci Culloden. 'Yar_Fagge, ko me za ki bari kada ki bar wannan. Kilomita takwas ne kacal daga gari, akwai bas. A nan aka yi yaƙi ranar 16 ga Afrilu 1746, tsakanin rundunar Yarima Charles Edward Stuart mai neman dawo da sarauta gidansu, da sojojin gwamnati ƙarƙashin Duke na Cumberland. Mutanen Yarima sun kwana suna tafiya da yunwa, aka jera su a fili mai caɓi gaban igwa. Yaƙin bai kai awa guda ba, aka kashe musu mutum wajen 1,500. Yau in kin je fili ne shiru, an kafa jajayen tutoci da shuɗɗa a inda kowace runduna ta tsaya. Akwai ƙananan duwatsu a kan kaburburan, ba sunan mutum ko ɗaya, sai sunan zuri'a: Fraser, Cameron, Mackintosh. Na ga wani dattijo ya zo daga Kanada ya durƙusa gaban dutsen danginsa ya ajiye fure. Ni da na tsaya a wurin Burmi ce ta faɗo min a rai, da Sarkin Musulmi Attahiru da mutanen da suka kwanta tare da shi a 1903. Baban ki in mai son tarihi ne zai daɗe a wurin.

Bakatsine92: Wato dai Turawan Ingila ne suka murƙushe 'yan Sikotland kamar yadda suka yi mana.

Malam_Na_Dundee: A'a, a nan mutane da yawa suke kuskure, ni ma ban ce abu ɗaya ba ne. Rikicin gadon sarauta ne, kuma akwai 'yan Sikotland a ɓangarorin biyu, wasu ma 'yan gida ɗaya. Abin da ya biyo baya ne ya yi muni. An hana mazan duwatsu sa tufafinsu na gargajiya har zuwa 1782, an karɓe makamai, an rage wa shugabannin zuri'a iko. Gwamnati ta gina ƙaton sansanin Fort George a bakin teku, aka gama a 1769, don kada a sake tayar da kai. Daga baya kuma masu ƙasa suka riƙa tashin talakawa daga gonakinsu suna zuba tumaki, shi ya sa za ki yi tafiya mai nisa a kwaruruka ba gida ko ɗaya. Sannan kada mu manta, 'yan Sikotland ɗin su ma sun shiga harkar mulkin mallaka da hannu biyu, kuma kuɗin gonakin bayi na Karibiyan ya shiga wasu gine-ginen Inverness ɗin kanta.

Jikan_Arɗo: Ba Clapperton, Baturen nan mai yawon bincike da ya mutu a Sakkwato, ma ɗan can ba ne?

Malam_Na_Dundee: Ɗan Sikotland ne, amma daga Annan, can kudu kusa da iyakar Ingila. A 1827 ya rasu.

Hajiya_Glasgow: To malamai, kun kai mu Sakkwato, Mama tana nan ba a saya mata ko ɗankwali ba. 'Yata, ki ji gaskiya: Inverness ba garin sayayya ba ne irin wanda iyayenmu suka saba. In takalma da jakunkuna da turare take so na rabo, ta bari sai Landan ko nan Glasgow. Rukunin shagunan Eastgate da ke jikin tasha shagunan da kika sani ne a Aberdeen, ba sabon abu. Abin da ya cancanci a saya a can kayan ulu ne. Mayafin ulu mai ratsi-ratsi, bargo na ɗora wa a ƙafa, hula da safar hannu, lokacin hunturu a Kano za a gode mata. Amma ta riƙa juya takardar da ke jiki. Ni na taɓa sayen mayafai shida a wani shago, an cika shi da tutoci da kiɗan algaitarsu, sai da na dawo gida na ga ba a ƙasar aka yi su ba, kuma ba ulu ba ne, wanki ɗaya suka tashi. Ya yi min ciwo ƙwarai don surukata na ba ɗaya. In kin ga an rubuta Harris Tweed, ki nemi tambarin ƙwallo mai gicciye a sama. Doka ce ta 1993 ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai wanda mutanen tsibiran Outer Hebrides suka saƙa da hannu a gidajensu. Jaka ko hular wannan yadi kyauta ce ta girma.

UmmuHanan: Ƙari a kan maganar Hajiya, tunda ta jirgin ƙasa za ku, ku sauka a Elgin. Masaƙar Johnstons tana can tun 1797, suna da shago a jikin masaƙar. Akwai tsada, amma ko mayafi ɗaya Mama ta saya wa kanta. Kuma ta sani tun farkon 2021 an daina mayar wa baƙi kuɗin haraji a filin jirgi, kada ta tara rasit tana sa rai.

Nas_Ta_Arewa: Hajiya ta ɗan rage wa garinmu daraja. Victorian Market fa? Tsallaken titi ne daga tasha, rufaffiyar kasuwa ce da aka sake ginawa bayan gobarar 1889, ƙananan shaguna na masu agogo da kayan ado da kayan zaƙi, ga wurin cin abinci a ciki. Ba Kwari ba ce, minti arba'in kun gama, amma tana da daɗin shiga in ana ruwa. Sannan a Church Street akwai Leakey's, shagon tsofaffin littattafai a cikin tsohuwar majami'a. Littattafai tun daga ƙasa har rufi, matakala mai murɗawa, ga murhun itace a tsakiya. Suna da tsofaffin taswirori, Baba zai iya dacewa da ta Afirka ta Yamma. Ku tuna yawancin shaguna biyar zuwa biyar da rabi sun rufe, ko da rana tana tsaka.

BabanIman: Maganar rana ta tuna min. A farkon Yuli sai bayan ƙarfe goma na dare take faɗuwa, kafin huɗu da rabi ta fito, kuma sararin sama ba ya yin duhu sosai. Iyayenmu abin yana rikita su. Akwai masallaci a Portland Place, ba nisa da tsakiyar gari, ki karɓi jadawalinsu ku bi, kada kowa ya yi ta lissafi da wayarsa.

UmmuHanan: Abinci kuma a kula. Haggis kayan cikin tunkiya ne da hatsi, ba yankanmu ba, akwai na ganye zalla in ana son ɗanɗanawa. Baƙin tsiran nan na karin kumallo da jini ake yinsa. Alawa da cakulan na tsaraba da yawa akwai giya a ciki, ki karanta kwalin. Biskit ɗin man shanu ba matsala, shi ne ma ya fi sauƙin rabo. Ku nemi miyar da suke kira Cullen skink, kifi ne mai hayaƙi da dankali da madara, Mama za ta so ta.

Jikan_Arɗo: Ni shanun nan masu gashi har ya rufe musu ido nake son a nuna wa Alhaji. Na ji an ce akwai filin golf da suke kiwo a ciki.

Mai_Sanda18: Brora ke nan, gaba da Dornoch kaɗan. An san filin da tumaki da shanu suna kiwo ana wasa, har aka kewaye wajen ramukan da siririyar wayar lantarki. Kun ga wani dalilin zuwa arewa. 'Yata, Fortrose fili ne mai kyau, ban musa wa Nas ba. Amma in Alhaji ya koma kulob abokansa suka tambaye shi ina ya buga, Dornoch ne sunan da za su gane. Suna da fili na biyu mai suna Struie, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu. Ko a ina ne, ya taho da takardar shaidar matsayinsa daga kulob ɗinsu, wasu filayen suna tambaya. Sanduna kuwa kada ya wahala da ɗauko su, ana bayar da haya. Motar cikin fili ba kasafai ake ba mutum ba sai da takardar likita, don haka ki tanadi kuɗin mai ɗaukar jaka, shi zai gaya masa inda zai nufa in iska ta juya. Ya sa riga mai hana ruwa a jaka ko da gari ya waye garau.

Hajiya_Glasgow: Awa biyu a mota zuwa da dawowa, awa huɗu a fili, ranar ta tafi. Mama fa, a mota za ta zauna?

Mai_Sanda18: Dornoch gari ne mai kyau Hajiya, ga rairayin bakin teku, ga shaguna, ga tsohuwar majami'a tun ƙarni na 13.

'Yar_Fagge: Kai, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga abin da na rubuta zuwa yanzu. Ranar farko mu sauka a Elgin, mu isa Inverness da la'asar, mu taka bakin kogi zuwa tsibiran Ness tunda rana tana daɗewa. Rana ta biyu Loch Ness da safe, kasuwa da yamma. Ta uku golf, in lokaci ya ragu Culloden. Na kira Baba na karanta masa maganar Kawu da ta Anti, ya yi shiru, sai ya ce in tambaya ko ba za a iya duka biyun ba.

Malam_Na_Dundee: Kada ki bar Culloden a "in lokaci ya ragu". Ki ɗauke shi ki kai rana ta biyu da yamma, kasuwa ta koma safiyar tafiyarku. Kuma duwatsun Clava suna nan kusa da shi, kaburbura ne na shekara wajen dubu huɗu, shiga kyauta.

Bakatsine92: Har yanzu ni ina kan Edinburgh. Amma in kun je, ku kashe takardun kuɗin Sikotland kafin su tashi, ko ku canza su da na Bankin Ingila. Na kai wasu gida, 'yan canji suka ƙi karɓa.

Nas_Ta_Arewa: In za ku bakin tafkin da yamma ku sayi maganin ƙananan ƙwarin nan masu cizo, Yuli lokacinsu ne, musamman in iska ta kwanta. Ki turo min ranakun ta akwatin sirri in duba muku jadawalin ruwan Chanonry, in ba na aiki ranar ni zan kai ku da motata.